Ƙwaryar Gwaggo Shekara

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ni ba marubuciya ba ce, ɗaliba ce kawai a lise, wato sakandare, kuma ko a aji idan mushe, malaminmu ke nan, ya ce in tashi in yi karatu, muryata rawa take yi har 'yan baya su yi ta ƙunshe dariya. Littattafan mutane na sani, na karanta su da yawa a gindin darbejiya, amma ban taɓa zaton zan ɗauki biro in rubuta nawa ba. Na kuma san ba tarbiyya ba ce yarinya ta buɗe cikin gidan da ta ci tuwonsa. Na daɗe ina juya wannan a raina. Abin ne ya ƙi barina in huta. In kun ga kuskure, ku ɗora wa ƙuruciya.

Sunana Nafisa. Iyayena suna Icirnawa, karatu ne ya kawo ni Matamaye, gidan wan mahaifina, Alhaji Garba, mai kantin yadi a bakin kasuwa. Baba Alhaji muke ce masa. A gidan akwai matarsa Hajiya Maryama, da babban ɗansu Manu, da ƙananan yara. Sai Gwaggo Shekara, yayar su Baba duka. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, shi ya sa ta dawo gidan ƙaninta da zama.

Gwaggo ce mai wankan gawar mata a unguwarmu. Duk gidan da aka ji kuka ya tashi, kafin a aika wa dangi an aiko mata. Ba ta karɓar komai, sai dai a ce Allah ya ba da lada ta ce amin. Mace ce mai barkwanci, ni kuwa ba ta kirana da sunana, sai Madam, wai saboda kullum hancina yana cikin takarda.

Tana da wata kwalla a ƙarƙashin gadonta da duk matan unguwa suka sani. A ciki akwai farin yadi a naɗe, da soso, da sabulu a takardarsa, da ƙullin garin magarya, da kafur. A kan murfin kuma ta kife wata sabuwar ƙwarya da ta huda bakinta ta ɗaura jan zare. In mata suka taru hira sai ta fito da ita tana juyawa.

"Kun ga ƙwaryar tafiyata," in ji ta. "Ba ta taɓa shan ruwa ba, kuma ba za ta sha ba sai ranar. Na wanke uwayenku, na wanke kakanninku. Ranar tawa layi za ku yi, kowace ta zuba mini nata. Wadda ta yi ha'inci kuwa zan buɗe ido in gan ta."

Sai a yi dariya, a ce, "Kai Shekara, Allah ya ja kwana."

Cutar korona ta radiyo ta fara iso mana. Yau a ce tana ƙasar Sin, gobe a ce ta shiga Yamai. Kan mu farga an rufe lakwal, babu zuwa aji, an rufe iyaka a Ɗan Barto, an ce a dakata da taruwa a masallatai. Aka ajiye bokitai masu famfo da sabulu a ƙofar kasuwa, yara suka mai da su abin wasa. Wata mota mai lasifika tana zaga gari tana cewa a wanke hannu, a bar musabaha, wanda ya ji tari da zazzaɓi ya kira lambar likita. Na so in koma Icirnawa, Hajiya ta ce azumi ya ƙarato, tana buƙatar hannu, mahaifina ya ce in zauna.

Baba Alhaji kuwa ya zama limamin masu cewa babu ita. Da yamma yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, dattawa su kewaye shi.

"Cutar masu hawa jirgi ce," haka yake cewa. "Wa ya gan ta da idonsa a cikinku? Zafin ƙasar Damagaram kaɗai ya ishe ta. So ake a raba mu da sallah, shi ke nan."

Duk wanda ya zo wucewa sai ya kira shi ya ba shi hannu biyu, da gangan, ya riƙe ya daɗe, a yi dariya.

Ana cikin haka Manu ya dawo daga cin rani a Kano. Ta daji ya biyo a kan babur, tunda hanya a rufe take. Ya iso da tari da jiki zafi rau. Hajiya ta sa aka yanka kaza, aka ce gajiyar hanya ce. Gwaggo ce ta dafa ganyen darbejiya ta lulluɓe shi da bargo ya yi sirace, ita ce ta shafa masa man zafi a ƙirji, yana tari a fuskarta tana ce masa, "Yi a hankali, angon Kano, kada ka zubar mini da haƙoran da suka rage." Ba a jima ba ya miƙe, ya koma shan shayi da abokansa.

A tsakanin nan aka kira Gwaggo wankan wata tsohuwa a bayan masallaci. Ta je ta dawo kamar kullum. Bayan 'yan kwanaki ita ma ta fara tari.

Ranar da Hajiya ta ji tarin, tana tsakar gida tana tankaɗe, sai ta ajiye rariya ta kira yara ta tura su ɗaki. Da Baba Alhaji ya shigo ta tare shi a bakin zaure. Ina wanke-wanke kusa da su.

"Alhaji, ka ji yayarka? Gawar nan da ta taɓa ce. Na faɗa, na faɗa, a bar taɓe-taɓen nan."

"Ke ma kin fara? Na ce babu wannan cuta."

"To babu. Amma ni ina da yara."

Ya tsaya ya saurari tarin daga nesa. Mutumin da ke ba duk mai wucewa hannu biyu, bai taka ko bakin ƙofar ɗakin yayarsa ba. Daga inda yake ya ɗaga murya.

"Yaya, sannu. Za a gyara miki ɗakin baya, ya fi iska. Ki ɗan huta da hayaniyar yara."

Babu wanda ya ambaci Manu, a ranar ko bayanta.

Ɗakin baya ɗakin ajiya ne, kusa da turken awaki. Rufin kwano gare shi, da wata 'yar taga sama wadda kai ba zai shiga ba. Buhunan gero ne a ciki da tsofaffin kujeru. Kuma bazara ce, irin wadda ko ƙadangare yake neman inuwa. Gwaggo ta ɗauki tabarmarta da butarta da kanta, tana tafiya tana hutawa. Ta ce in biyo ta da kwallarta, Hajiya ta ce a bar ta a inda take, kada a yi ta jan kaya. Da ta shiga, Manu ya ja ƙofa ya sa kwaɗo.

"Kwaɗon na mene ne kuma?" in ji Gwaggo daga ciki. "Sata na yi?"

"Don yara ne, Gwaggo, kada su dame ki."

"To. Allah ya yi maka albarka."

Abinci ni aka sa nake kai mata. Manu ya buɗe ƙofa kaɗan, in ajiye kwano a ƙasa, in tura shi da doguwar gora har ya shige, ya mayar da kwaɗo. Kwanon ba ya dawowa cikin sauran, a bakin turke ake barinsa kamar na kare. Kwanakin farko tana yi mini wasa.

"Madam, yau kuma da sanda ake kiwona? Ki gaya wa Maryama miyarta ba gishiri, ko kuwa bakina ne ya mutu."

Da azumi ya kama, sai aka daina buɗe ɗakin da rana. Na ce wa Hajiya mara lafiya ai ba ya azumi, a bar ni in kai mata ruwa. Ta ce, "Shekara ce za ta sha azumi? Ba ki san ta ba. Kada ki ɗauki alhakinta." Ba wanda ya tambayi Gwaggo. Sai na riƙa jiran Hajiya ta kwanta bayan azahar, in cika gorar roba da ruwan randa, in taka wani turmi da ya fashe, in zura mata ta taga da igiya. Zafin da ke fitowa ta tagar nan kamar an buɗe tanda. Ina jin yadda take jan jiki kafin ta kai ga gorar.

Wata rana na yi ƙarfin hali na sami Manu a zaure yana danna waya.

"Yaya Manu, da ka kira lambar nan da ake faɗa a radiyo. Numfashinta ya fara yin sama."

Ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana.

"Su zo da fararen kaya su kewaye gida, su rufe kantin Baba, su tambayi ta ina na shigo? Ke karatun nan ya taɓa miki kai. Tsufa ne ke damun Gwaggo. Tsufa kuwa ba shi da lamba."

Ya gaya wa mahaifinsa. Bayan shan ruwa Baba Alhaji ya kira ni. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. A hankali ya yi magana, yana jan carbi.

"Nafisa, ke yarinya ce. Kin san abin da suke yi wa wanda suka ɗauka? In ya mutu a hannunsu, a leda suke ƙunshe shi, su fesa masa magani, su jefa a rami. Ba wanka, ba sutura. Yayata, wadda ta wanke matan garin nan, in miƙa ta a yi mata haka? Gata nake yi mata. Ko mutuwa ce, ta mutu a ɗakinta cikin mutunci, a yi mata abin da addini ya ce. Kin gane?"

Na ce na gane. Kaina a ƙasa yake. Ban san ko gaskiya ne abin da ya faɗa game da likita ba, shi ma ba na jin ya sani. A bakin tabarma ya ji.

Mata suka fara tambaya. Duk wadda ta leƙo ta ce ina Shekara kwana biyu, sai Hajiya ta ce ta tafi Kance wajen dangin mijinta, rufe hanya ya tsare ta. Wata safiya wata mata ta shigo da kuka, mayafinta a hannu, uwarta ta cika, a taimaka a kira Gwaggo. Hajiya ta ba ta haƙuri ta raka ta har zaure. Da na je taga da rana, na daɗe ina kira kafin Gwaggo ta amsa.

"Na ji muryar ɗiyar Hajara," ta ce. "Hajara ta tafi ke nan. Tare muka yi tallan fura. Na yi mata alkawari ni zan wanke ta." Ta yi tari mai tsawo. "Ashe ina Kance. Da kyau. Ki gaishe mini da mutanen Kance."

Sai ga ma'aikatan lafiya sun shigo unguwa, gida gida. Namijin ya tsaya a zaure wajen Baba Alhaji, macen ta yi sallama ta shigo ciki. Ta rufe hanci da baki da ƙyalle, gumi ya jiƙa mata hijabi, idanunta sun yi ja. Daga gani an sha korarta a ƙofofi tun safe. Ba ta gama gaisuwa ba tari ya taso daga ɗakin baya.

Hajiya Maryama, wadda tun zuwana gidan ban taɓa ganin ta riƙe taɓarya ba, ta yi wuf ta jawo turmi ta hau daka. Babu komai a cikin turmin. Dum, dum, dum, har ƙasa tana amsawa.

"Hajiya, akwai mai tari ko zazzaɓi a gidan?" in ji matar, tana ɗaga murya. "Ko wanda ya dawo daga tafiya?"

"Lafiya lau muke, alhamdu lillahi."

"In akwai ku faɗa, don Allah. Ba kama mutane muke yi ba. Wanda aka samu da wuri ya fi samun sauƙi."

"Ai da mun faɗa."

"Me ake daka haka, Hajiya da kanki?"

"Yaji."

Matar ta dubi turmin. "Yajinku ba ya shiga hanci," ta ce. Sannan ta juyo gare ni. "'Yan mata, ke fa? Lafiya dai?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Hajiya ta ce, "Nafisa, miya tana kamawa," ba tare da ta daina daka ba, ta kuma kafe ni da ido. Matar ta dubi ɗakin baya, ta dubi kwaɗon, ta dubi Hajiya. Daga zaure abokin aikinta ya kira ta, Baba Alhaji ya riga ya sallame shi. Ta sauke numfashi irin na wanda ya gaji da jayayya, ta ajiye sabulu guda a kan randa, ta fita. Sai da sawunta ya ɓace Hajiya ta jefar da taɓarya tana duba tafin hannunta.

"Dubi yadda hannuna ya yi kanta saboda mutanen gidan nan," ta ce.

Daga ranar Gwaggo ta daina wasa. Kwanon da na tura sai in tarar da shi yadda yake, ƙudaje sun rufe. Maganarta ta koma guntu-guntu, kalma biyu ta huta. Wata azahar da na hau turmi na zura gora, ba ta ja igiyar ba.

"Madam."

"Na'am, Gwaggo."

"Kin iya haddace karatu. To saurara. Ba na jin za su kira kowa ya wanke ni."

"Gwaggo, za ki warke."

"Bar wannan. Ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Ki rufe mata jiki da zane, gawa ma tana jin kunya. Hannunki a ƙarƙashin zanen zai yi aiki, idonki a gefe." Ta tsaya tana neman iska. "Ki yi mata alwala tukuna. Sannan dama, sannan hagu. Magarya a ruwan farko, kafur a na ƙarshe. Kan ki juya ta, ki gaya mata. Ki ce, za a juya ki. Kada ki fizge ta kamar buhu."

Ina tsaye a kan turmi, rana tana dukan ƙeyata, hawaye yana shiga mini baki.

"Gashi ki tsefe, ki kitsa uku, ki mayar baya. Nawa ma bai da yawa, ba zai wahalar da ke ba." Na ji kamar ta so yin dariya. "Maimaita in ji."

Na maimaita. Ta gyara mini wuri ɗaya, ta sa na sake.

"Ban roƙi Garba komai ba tun da na dawo gidan nan. Ban ce a kai ni likita ba, tunda ya ce kunya ce. Wannan kaɗai nake so. A wanke ni da ƙwaryata. Kada in je gaban Ubangijina da dauɗar ɗakin nan."

Washegari da la'asar na kira, na kira, ba ta amsa ba. Igiyar gorar tana reto yadda na bar ta. Na je na gaya wa Hajiya, ta aika aka kira Baba Alhaji daga kanti. Manu ya buɗe kwaɗo, ya leƙa, ya ja da baya yana toshe hanci da hula. Baba Alhaji ya yi salati daga tsakar gida, ya share ido da bakin rigarsa. Ba zan ce kukan ƙarya ya yi ba. Yayarsa ce, ita ta goye shi.

Sannan aka zo maganar wanka.

"Maryama," ya ce.

"Ni? Da hawan jinina? Alhaji, ka dubi Allah."

"To a kira maƙwabta," in ji Manu.

"Su zo su ga ɗakin? Su ga kwaɗo? Mun ce tana Kance." Baba Alhaji ya girgiza kai. "Gobe gari ya ɗauka korona ta kashe mutum a gidan Alhaji Garba."

Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba.

"Baba, ni zan yi. Ta koya mini. Kayanta suna cikin kwalla."

Duka suka juyo. Hajiya ta riƙe haɓa.

"Budurwa da wankan gawa? A ina aka taɓa yi? Ki taɓa ta, ki zo ki taɓa mini tukwane da yara? Wallahi in kika shiga ɗakin nan sai dai ki kwana a titi."

"Zan sa leda a hannu, zan rufe hanci. Ta ce..."

"Nafisa," in ji Baba Alhaji. "Amana ce ke a hannuna. In wani abu ya same ki, me zan ce wa ubanki? Addini sauƙi ne. Inda lalura ta zo, an ɗauke wa bawa. Allah ya san niyyarmu."

Ya sa Hajiya ta riƙe ni a ɗakin girki. Ta ƙofar nake ganin komai. Manu ya sa leda a hannuwansa har gwiwa, ya ɗauko famfon feshin gona, ya zuba ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, ya tsaya daga bakin ƙofa ya fesa ɗakin da abin da ke cikinsa. Aka kawo babbar baƙar leda daga kanti, irin wadda ake rufe kaya da ita saboda ruwan sama. A cikinta aka naɗe Gwaggo Shekara, da zanen da ta kwanta ciwo da shi, da tabarmarta. Sannan Baba Alhaji ya yanko farin yadi mai tsada, wanda ya fi kowane kyau a kantinsa, aka lulluɓe ledar ruf, aka ɗaure kai da ƙafa, aka zuba turare har yana hawa kai.

Sai a lokacin aka sanar. An dawo da Shekara daga Kance ba lafiya, ciwon ajali, ta cika da isowarta. Maza kaɗan suka taru a ƙofar gida aka yi mata sallah, aka kai ta kafin magariba. Na ji wani yana cewa, "Kai, Alhaji ya yi wa yayarsa sutura ta gani ta faɗa."

Har yau ban san ko korona ce ta kashe ta ba. Ba wanda ya auna ta. Wataƙila ita ce, wataƙila zafin kwano ne da ƙishirwa. Abin da na sani, matar wani mai gyaran babur a layinmu da aka ɗauka zuwa Damagaram da irin wannan tari, ta dawo da ƙafarta bayan sallah, ta rame amma tana raye. Kuma abin da Baba Alhaji ya ce likita za su yi wa yayarsa, leda da feshi da rashin wanka, babu ɗaya da ba a yi mata ba, a cikin gidan ƙaninta, da hannun ɗan da ta yi wa sirace.

Da safe mata suka cika gidan. An hana taro, amma wa zai hana matan unguwa gaisuwar Shekara? Tsofaffi da masu goyo, har da ɗiyar Hajara, kowa da labarin ranar da Gwaggo ta shigo gidansu ta naɗe hannun riga. Hajiya tana tsakiya a kan darduma, ido jawur, tana amsa gaisuwa. Ni ina bakin ɗakin Gwaggo na da, ba mai kula da ni.

Wata tsohuwa mai sanda ta ce, "Maryama, amma kun yi mana ba daidai ba. Ko aike ba ku yi ba? Mu da ta ce mu yi layi? Wa ya wanke ta?"

"Wallahi Inna, abin ne ya zo da gaggawa, ga zafi, ga azumi," in ji Hajiya. "Ni na yi mata da hannuna, yadda take so. Da kayanta, da ƙwaryarta. Ban bar komai ba."

"Allah sarki. Allah ya biya ki. 'Yar'uwa ta gari ke nan."

"Amin, amin," matan suka amsa.

Na shiga ɗakin. Kwallar tana ƙarƙashin gado inda aka ce a bar ta. Na ɗauko ƙwaryar. Cikinta fari fat, har da ɗan garin nan na sabuwar ƙwarya da ke manne wa yatsa. Duk macen da ta taɓa riƙe ƙwarya ta san wadda ta sha ruwa da wadda ba ta sha ba. Na sa sabulun a ciki da takardarsa ba a yage ba, da soso a bushe, da ƙullin magarya yadda Gwaggo ta ƙulle shi da hannunta. Farin yadinta na ɗora a sama, a naɗe.

Na fito tsakar gida riƙe da ƙwaryar. Na jira har aka ɗaga hannuwa ana addu'a, kawuna a sunkuye. Na bi ta bayan mata kamar mai kai ruwan wanke hannu, na ajiye ƙwaryar a kan tabarma kusa da sandar tsohuwar nan, na juya jan zaren ya fuskance ta.

Takalmana da jakar littattafaina suna zaure tun da safe. Baba Alhaji yana waje a kan tabarmarsa, yana ba masu gaisuwa hannu biyu. Na raɓa ta bayan bango na kama hanyar da masu amalanken Icirnawa ke bi. Ban kai ƙarshen layi ba na ji amin ɗin matan ya yanke a tsakiya, gidan ya yi tsit. Ban waiwaya ba.